Médoc, Saint-Émilion, Châteauneuf-du-Pape ko Bandol: Wane Jan Ruwan Inabin Faransa Mai Kauri Za Ka Zaɓa?

Wanda ya tsaya gaban kantar jan ruwan inabin Faransa yana neman mai kauri, mai cika baki, sunaye kaɗan ne za su riƙa dawo masa: Médoc, Saint-Émilion, Châteauneuf-du-Pape, sai 'yan kudu masu taurin kai irin su Bandol da Cahors. Yawancinsu haɗi ne, wato ba nau'in inabi ɗaya aka matse ba, biyu ko uku ko fiye aka gauraya. Farashin na tsaka-tsakinsu yakan zo kusa da juna, amma abin da ke cikin kwalaben ya sha bamban ƙwarai. Musulmi ya san hukuncin barasa a addininsa, kuma wannan rubutu bai zo ya taɓa wannan hukunci ba. An yi shi ne domin mai yi wa otal sayayya, da mai koyon aikin gidan abinci, da wanda addininsa bai hana shi ba kuma yake son sanin abin da ya ba da kuɗinsa a kai.

Abin da ke fara rikita baƙo shi ne Faransawa ba su cika rubuta sunan inabi a jikin kwalba ba. Sunan wuri suke rubutawa, kuma kowane wuri yana da dokar da ta ƙayyade irin inabin da za a shuka, da yawan abin da za a girba a hekta ɗaya. Idan ka san abin da ke bayan sunan wurin, ka san rabin abin da ke cikin kwalbar tun ba ka buɗe ba.

Ma'aunin da za a auna su da shi

Na farko shi ne inabin da ke jan ragamar haɗin, domin shi ke ba da hali, sauran gyara suke yi. Na biyu bauri. Wannan shi ne abin da ke ɗaure harshe da dasashi kamar ka tauna ɗanyen goro ko ka sha shayin da ya daɗe a kan wuta. Sinadarin da ke kawo shi, tanin, dangi ɗaya ne da wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Yadda yake hana fata ruɓewa, haka yake taimaka wa ruwan inabi ya jure shekaru. Saboda haka bauri da tsawon rai tare suke tafiya: mai bauri sosai yana daɗewa, amma ba ya daɗin sha yana ɗanye.

Sai ƙarfin barasa, da tsawon jiran da kwalba ke buƙata kafin ta nuna, da farashi. Na ƙarshe, wanda aka fi yi wa sakaci, shi ne haɗari: shekarar da damina ta ɓata girbi, sunan da ke ruɗin mai saye, jabu, da kuma zafin hanya da na wurin ajiya.

Inda kaurin yake fitowa

Ruwan da ke cikin baƙin inabi kusan fari ne. Launi da bauri a ɓawo da ƙwallo suke. Bayan girbi, a watan Satumba zuwa Oktoba, sai a cire tsinkayen nonon inabin, a ɗan farfasa 'ya'yan, a zuba su da ɓawonsu a babban tanki na ƙarfe marar tsatsa, ko na siminti, ko na katako. Yis ya cinye sukari ya mayar da shi barasa. Lissafin da masu sana'ar ke yi shi ne kusan giram 17 na sukari a lita ɗaya yana ba da kashi 1 cikin 100 na barasa, don haka ruwan inabi mai kashi 14 ya fito ne daga inabin da ya tara wajen giram 240 a lita. Sai rana ta wadata ake samun haka.

Ana riƙe zafin tankin tsakanin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya kufce ya doshi 35, yis ya gaji ya tsaya, sukari ya rage, ƙwayoyin da ke kawo tsamin binega su sami abinci. Yayin da haɗin ke tashi, ɓawon yana tasowa sama ya yi kamar ɓawon burodi mai kauri. In an bar shi haka zai bushe, ba zai ba da komai ba, shi ya sa ake jan ruwa daga ƙasan tanki da famfo a watsa a kansa sau ɗaya ko biyu a rana, ko a danna shi ƙasa da sanda mai faffaɗan kai. Jiƙon yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu. Nan ne gwaninta take. A gaggauta, ruwan ya fito tsararo. A wuce gona da iri, ɗacin ƙwallo ya shiga, kuma ba ya fita.

Daga nan sai a tsiyaye ruwan farko, a matse ɓawon daban. Ruwan matsa ya fi duhu da bauri, ana ajiye shi gefe a riƙa ƙarawa da awo. Akwai kuma sauyi na biyu, inda wasu ƙwayoyin halitta ke mayar da tsami mai kaifi irin na ɗanyen tuffa ya koma tsami mai laushi irin na nono. Kowane nau'in inabi, sau da yawa ma kowace gona, a tankinsa yake har zuwa lokacin da za a zauna a ɗanɗana a yanke yadda haɗin shekarar zai kasance.

Médoc: haɗin da Cabernet Sauvignon ke ja

Kogunan Garonne da Dordogne suna haɗuwa a arewa da birnin Bordeaux su zama faffaɗan bakin ruwan Gironde. Médoc ita ce ƙasar da ke gaɓar hagu, kuma fadama ce har sai da injiniyoyin Holan suka janye ruwanta a ƙarni na 17. Abin da ya fito fili shi ne tuddan tsakuwa. Tsakuwa ba ta riƙe ruwa, tana kuma adana zafin rana, abin da Cabernet Sauvignon ke buƙata ke nan domin shi mai jinkirin nuna ne. 'Ya'yansa ƙanana ne masu kaurin ɓawo, shi ya sa baurinsa ke da yawa. A garuruwan Pauillac, Saint-Julien, Margaux da Saint-Estèphe manyan gidaje sukan sa shi kashi 60 zuwa 80, su cike da Merlot, da ɗan Cabernet Franc, da ɗigon Petit Verdot saboda launi da ƙanshin yaji.

Haɗin ba don ɗanɗano kaɗai aka ƙirƙire shi ba. Yankin yana bakin tekun Atlantika, yanayinsa ba shi da tabbas. Merlot yana toho da wuri ya nuna da wuri, Cabernet yana biyo baya da mako ɗaya ko biyu. Idan sanyin Afrilu ya ƙone tohon Merlot, Cabernet ya tsira; idan ruwan Oktoba ya riski Cabernet a gona, an riga an kwashe Merlot. Dabarar manomin da ke haɗa gero da dawa a gona ɗaya ce.

Ana renon ruwan a gangar katakon ok mai cin lita 225, daidai da kwalba 300, na wata 12 zuwa 18, wani lokaci fiye. Sabuwar ganga tana ba da ƙanshin kanumfari da gasasshen burodi, kuma iska kaɗan da ke ratsa katakon tana tausasa bauri. Ana cike gangar a kai a kai saboda abin da ya tsotse, ana juye ruwan zuwa wata don a bar laka a baya, a ƙarshe wasu gidaje su kaɗa farin ƙwai kamar huɗu zuwa shida a kowace ganga ya janye ƙurar da ta rage zuwa ƙasa.

Halinsa: ƙanshin baƙaƙen 'ya'yan itace, da na katakon fensir da aka fere, baki a bushe, tsami madaidaici, barasa yawanci kashi 13 zuwa 14. In ya tsufa sai ƙanshin ganyen taba da jemammiyar fata ya fito. A shekarar da inabin bai nuna sosai ba za ka ji warin ɗanyen tattasai.

Wajen farashi, jerin darajoji na 1855 ne ke mulki har yau. An tsara shi ne bisa umarnin Napoleon na Uku domin baje kolin Paris, kuma yau gidajen jan ruwan inabi 61 ne a cikinsa a matakai biyar. Na ƙoli su ne Lafite Rothschild, Latour, Margaux da Haut-Brion, sai Mouton Rothschild da aka ɗaga zuwa cikinsu a 1973. Waɗannan kwalba ɗaya ɗaruruwan yuro ce, kuma a irinsu ne masu jabu suka fi kai hari: a 2013 wata kotu a New York ta sami Rudy Kurniawan da laifin sayar da jabun manyan kwalabe na miliyoyin dala. Mai neman halin Médoc ba tare da ya tsiyace ba ya nemi masu tambarin Cru Bourgeois, wato darajar gidajen Médoc da ba sa cikin jerin 1855, ko na garuruwan Listrac da Moulis. Amma a kula: kwalbar da aka rubuta wa Médoc kawai daga arewacin yankin take, inda yumɓu ya fi yawa, kuma sau da yawa Merlot ne rabinta ko fiye.

Raunin wannan zaɓi jira ne. Mai daraja da aka buɗe yana shekara uku zai ɗaure baki har mutum ya zaci ya lalace, alhali lokacinsa ne bai yi ba.

Saint-Émilion da Pomerol: inda Merlot ke sarauta

A tsallaken Dordogne, kusa da garin Libourne, ƙasar yumɓu ce da farin dutse mai alli. Tana da sanyi, tana riƙe danshi, Cabernet Sauvignon ba ya cika nuna a kanta. Don haka Merlot ne jagora, sau da yawa kashi 60 zuwa 90, Cabernet Franc na mara masa baya da ƙanshi da ɗan tsamin da ke hana shi yin laɓo-laɓo. Mummunan sanyin Fabrairun 1956 ya kashe kurangar inabi da yawa a Bordeaux, kuma da aka zo sake dashe Merlot ne ya cinye gurbin Malbec.

A baki ya fi na Médoc taushi da tsoka, ɗanɗanonsa na nunannen ɗan itace ne mai duhu kamar ɗinya, da ɗan cakulan. Baurin yana nan amma ba ya cizo. Wanda bai saba da jan ruwan inabi mai nauyi ba, nan ya fi sauƙin shiga. Na tsaka-tsaki yana shiryuwa a shekara huɗu zuwa shida.

Haɗarinsa iri biyu ne. Na gona: Merlot yana zubar da fure idan aka yi sanyi da ruwa a watan Yuni, fumfunar ganye tana kama shi da sauri kamar yadda aka gani a 2018 da 2023, sanyin Afrilun 2017 da na 2021 kuma sun yi wa yankin ɓarna. A shekara mai zafi kuma sukarinsa yana hawa da gudu, barasa ta kai kashi 14.5 ko 15, ruwan ya rasa kuzari.

Na biyu shi ne suna, kuma nan mutane da yawa ke faɗawa. Saint-Émilion Grand Cru sunan yanki ne mai ɗan tsauraran sharuɗɗa, ɗaruruwan gidaje ke amfani da shi. Grand Cru Classé shi ne wanda ya shiga jerin darajoji, jerin da aka fara a 1955 ake kuma sabuntawa kusan duk shekara goma. A na 2022 Figeac da Pavie ne a ƙoli, bayan Ausone da Cheval Blanc da Angélus sun janye. Kalma ɗaya ce ta raba su a takarda, amma tazarar farashi da inganci tana da faɗi. Pomerol kuwa ba ta da jerin darajoji sam, ƙaramar ƙasa ce mai wajen hekta 800, kuma ƙarancin kaya ya sa ba ta da araha. Pétrus, wanda kusan Merlot ne zalla, dubban yuro ne. Masu wayo suna leƙa maƙwabta: Lalande-de-Pomerol, Fronsac, Castillon, Montagne-Saint-Émilion da Lussac-Saint-Émilion.

Châteauneuf-du-Pape da maƙwabtanta

Wannan wata duniya ce. Kudancin kwarin Rhône ne, tsakanin Orange da Avignon, ƙasar rana da fari. Sunan ya samo asali daga zamanin da fadar Paparoma ta koma Avignon a 1309, Paparoma John na 22 kuma ya gina gidan hutu a kan tudun garin. A nan ne manoma ƙarƙashin Baron Le Roy suka rubuta wa kansu dokokin noma a 1923, kuma a 1936 garin ya shiga sahun farko na wuraren da dokar Faransa ta kare sunansu. Dokar tana da tsauri: girbi da hannu, tsince ɓatattun 'ya'ya dole, kuma kada a wuce lita 3,500 a hekta.

An yarda da nau'in inabi 13, ko 18 idan aka ƙirga launukansu daban-daban, amma a aikace uku ne ke ɗauke da nauyin. Grenache ne babba, wajen kashi 70 na gonakin. Yana ba da zaƙin ɗanɗano, ɗumi da barasa, sai dai ɓawonsa siriri ne, launinsa da baurinsa kaɗan. Syrah ke kawo launi da ƙanshin masoro, Mourvèdre ya kawo ƙashi da tsawon rai. Gidaje sun bambanta sosai: Château de Beaucastel yana amfani da dukkan 13 da Mourvèdre mai yawa, Château Rayas kuma Grenache zalla yake yi a ƙasar yashi. Wasu gonakin, kamar tudun La Crau, a rufe suke da mulmulallun duwatsun kogi masu girman dunƙulen hannu ko fiye, waɗanda ke shan zafi da rana su saki da dare. Iskar mistral mai busowa daga arewa tana busar da ganye, shi ya sa fumfuna ba ta addabar su kamar Bordeaux.

Akwai wani bambancin aiki da ya kamata mai saye ya sani. Grenache yana saurin shan iska ya dusashe, don haka ba a cika sa shi a ƙaramar sabuwar ganga ba. A tankin siminti ko manyan tsofaffin ganguna masu cin dubban lita ake renonsa. Sakamakon shi ne ba ka jin katako sosai, sai 'ya'yan itace ja da suka nuna lugub, da ganyayen ƙamshi na daji, da yaji. Kaurinsa daga barasa da nunar inabi yake, ba daga bauri ba. Doka ta ce kada ya gaza kashi 12.5, amma a kwalba 14.5 zuwa 15.5 za ka fi gani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: kwalbar santilita 75 mai kashi 14.5 tana ɗauke da wajen giram 86 na tsantsar barasa, fiye da kofi takwas a awon hukumomin lafiyar Faransa na giram 10 kowane kofi. Taushinsa yana ɓoye ƙarfinsa.

Ana iya shan sa yana shekara uku ko huɗu, nagari kuma ya kai 15 ko 20. Shekarunsa sun fi na Bordeaux daidaito, ko da yake ambaliyar Satumban 2002 ta lalata girbin wannan shekara. Haɗarin da ya fi yawa shi ne nuna ta wuce kima, ruwan ya yi ɗanɗanon busasshen inabi yana ƙona maƙogwaro. Yawancin kwalaben da aka cika a gidajen yankin suna da tambarin makullai biyu a gicciye da aka zana a jikin gilashin. Gigondas, Vacqueyras, Cairanne da Rasteau suna yin haɗi iri ɗaya a farashi mai sauƙi, kuma a ganina Gigondas mai kyau ya fi Châteauneuf mai araha.

Bandol, Cahors da Madiran

Waɗannan na masu son bauri ne da gaske. Bandol tana bakin Bahar Rum kusa da Toulon, ta sami kariyar suna a 1941, kuma Lucien Peyraud na Domaine Tempier na cikin waɗanda suka dage aka dawo da Mourvèdre. Dole jan Bandol ya ƙunshi aƙalla kashi 50 na wannan inabi, ya kuma yi wata 18 a katako. Yana ɗanye yana da warin naman daji da fata wanda wasu ke ɗauka lalacewa ce. Bayan shekara takwas ko goma sai ya buɗe. Yawancin abin da Bandol ke fitarwa mai launin hoda ne, don haka a duba kwalba da kyau.

Cahors, a kwarin kogin Lot, Malbec ne aƙalla kashi 70, da Merlot ko Tannat. Duhunsa ya sa tun da ake kiransa baƙin ruwan inabi. Madiran kuwa Tannat ke jan ta, inabin da baurinsa ya kai har wani manomin yankin, Patrick Ducournau, ya ƙirƙiro dabarar shigar da 'yar iska a tanki da awo a farkon shekarun 1990 domin ya tausasa shi. Su biyun ne suka fi kowa araha idan aka dubi yadda suke jure ajiya.

A taƙaice cikin jadawali

Farashin nan kimantawa ce ta kantunan Faransa, ban da manyan sunaye. Yuro ɗaya daidai yake da sefa 655.957, kuma kuɗin dako da na kwastan suna iya ninka farashin kafin kaya su iso Afirka ta Yamma.

| Haɗi | Jagoran inabi | Bauri | Barasa, kashi | Shekarun jira | Farashi, yuro | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Médoc, Cru Bourgeois | Cabernet Sauvignon da Merlot | Mai yawa | 13 zuwa 14 | 5 zuwa 8 | 15 zuwa 30 | Shekara mai ruwa |
| Médoc na jerin 1855 | Cabernet Sauvignon | Mai yawa sosai | 13 zuwa 14 | 10 zuwa 15 | 40 zuwa sama | Buɗewa da wuri, jabu |
| Saint-Émilion Grand Cru | Merlot | Matsakaici | 13.5 zuwa 15 | 4 zuwa 6 | 20 zuwa 40 | Ruɗin suna |
| Châteauneuf-du-Pape | Grenache | Kaɗan zuwa matsakaici | 14.5 zuwa 15.5 | 3 zuwa 6 | 30 zuwa 60 | Barasa mai ƙuna |
| Gigondas, Vacqueyras | Grenache | Matsakaici | 14 zuwa 15 | 3 zuwa 5 | 15 zuwa 35 | Bambancin gida da gida |
| Bandol | Mourvèdre | Mai yawa sosai | 13.5 zuwa 14.5 | 8 zuwa 10 | 20 zuwa 45 | Wari yana ɗanye |
| Cahors, Madiran | Malbec, Tannat | Mai yawa sosai | 13 zuwa 14.5 | 4 zuwa 8 | 10 zuwa 25 | Kaushi a baki |

Zafi, wanda ke rusa duk lissafin

Duk shekarun da ke cikin jadawalin an gina su ne a kan ajiya a digiri 12 zuwa 14, cikin duhu, kwalba a kwance domin toshiyar ta zauna a jiƙe. A Kano ko Yamai, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ɗakin ajiya marar sanyaya yana dafa ruwan inabi cikin 'yan makonni. Kwantenar da ta kwana biyu a rana a tashar jiragen ruwa ta Legas ko Lome ma tana iya gama aikin tun kafin kaya su kai kanti. Alamomin a bayyane suke: toshiya ta ɗan turo sama, wani danƙo ya gangaro a wuyan kwalba, ruwan ya ragu ƙasa da wuya, launi ya koma ruwan ƙasa, ɗanɗano kamar an tafasa dabino. Hawa da saukar zafi, irin wanda ɗauke wuta ke jawowa, ya fi zafi mai tsayawa wuri ɗaya illa, domin ruwan yana kumbura yana tsukewa yana zuƙo iska ta gefen toshiya.

Akwai lahanin da ba na zafi ba. Warin jiƙaƙƙen kwali daga gurɓatacciyar toshiya yake, ba ya gyaruwa, kuma a gidan abinci irin wannan kwalba mayar da ita ake yi. Warin garken dabbobi aikin wani yis ne na daji da ke maƙalewa a tsofaffin ganguna. Kaɗan daga cikinsa wasu suna so a Rhône da Bandol, in ya yi yawa ya binne komai. Lakar da ke kwance a gindin tsohuwar kwalba kuwa ba aibi ba ce, bauri ne da launi suka dunƙule. A tsayar da kwalbar kwana ɗaya, a tsiyaye a hankali.

Duk waɗannan haɗe-haɗen a digiri 16 zuwa 18 ake zuba su. A ƙasa mai zafi wannan yana nufin minti 30 zuwa 40 a firji kafin a kai tebur, musamman na Rhône, wanda in ya yi ɗumi barasa kaɗai ake ji. Matashin Médoc, Bandol ko Madiran yana amfana da awa ɗaya ko biyu a buɗaɗɗen tulun gilashi. Abin da ya rage a toshe a sa a firji, kwana uku ne iyakarsa.

Wane ne na wa

Mai otal ko gidan abinci da ke sayarwa kofi-kofi, kuma kayansa ba sa kwana da yawa, ya ɗauki maƙwabtan Saint-Émilion irin su Castillon da Lussac, ko Vacqueyras da Cairanne. Sun shirya tun daga kanti, ba sa neman dogon bayani, kuma kwalba ɗaya in ta lalace asarar ba ta da zafi.

Wanda ba shi da firjin ajiya mai tsayayyar wuta kada ya sayi komai da niyyar jira. Médoc na jerin 1855 da Bandol sun fita daga lissafinsa, sai dai in ya sami wanda ya riga ya tsufa a hannun dillalin da zai iya nuna masa yadda aka yi dakonsa da inda aka ajiye shi. Wanda yake da wurin ajiya mai kyau da haƙurin shekara goma, Pauillac ko Saint-Julien na 2016 ko 2019 ne amsarsa, ya kauce wa 2013. In kuɗin bai kai nan ba, Madiran ko Cahors na gida mai suna za su yi masa wannan doguwar tafiya da kashi ɗaya cikin uku na farashin.

Abinci ma yana yanke hukunci. Kitse da nama suna kwantar da bauri, shi ya sa mutanen Bordeaux ke haɗa Pauillac da gasasshen ɗan rago, na kudu maso yamma kuma suke haɗa Cahors da Madiran da agwagwa da wake. Naman da aka daɗe ana dafawa da albasa da ganyen ƙamshi ya fi dacewa da Châteauneuf ko Bandol. Barkono kuwa abokin gabar bauri ne da barasa mai yawa, yana ninka ƙunar kowannensu. Teburin da ke da tsire ko balangu mai yaji sosai, haɗin Merlot mai kashi 13.5 da aka ɗan sanyaya shi ne ya fi lafawa da shi.

Idan kyauta ce ga wanda ba ka san ɗanɗanonsa ba, Châteauneuf-du-Pape mai shekara biyar ko shida ya fi aminci: an san sunan, ba ya ɗaure baki, kuma ana iya buɗe shi a daren da aka karɓa. Idan mai karɓar ya san harkar, Saint-Émilion mai cikakken rubutun Grand Cru Classé ko jan Bandol da ya haura shekara takwas zai nuna masa cewa an karanta takardar kwalbar kafin a biya.